Dalma a Tsakar Gida

Litinin, 3 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Baban Aku, ina gaida Aku ita kanta. Na iso lafiya jiya da ƙarfe huɗu da kwata. Yau kwanana ashirin da biyu da fara aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin nan, kuma ban fasa kwalba ko ɗaya ba. Ki gaya wa mijinki, tunda ya ce ba zan yi mako ba.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. A waya ba kya barina in kai ƙarshen magana, abin da nake son tambaya kuma sai an zauna an tuna. Shi ya sa na ba direban motar da ke bi ta wajenku wannan takarda.

Kwana biyun da na yi a gidanki, yanayin Aku bai kwanta mini ba. Yarinyar da muka sa wa wannan suna saboda bakinta ba ya hutawa, sau ɗaya kawai ta ce mini Kawu. Da rana loma uku ta ci, na ƙirga. Sau biyu na ga ta riƙe ciki ta durƙusa. Ta faɗi a tsakar gida inda babu abin tuntuɓe. Da na ja fatar idonta ƙasa, cikin ya yi fari.

Don Allah ki amsa mini waɗannan. Tun yaushe ta rage cin abinci? Kwana nawa take yi ba ta yi bayan gida ba? Tana amai? Tana sa ƙasa a baki? Tufafin da Baban Aku yake sawa in yana narka batir a filin da ke bayan gidanku, a ina ake wanke su?

Sannan ki ɗebo mini cokali uku na ƙasar tsakar gida, daga ƙarƙashin igiyar shanya inda take zama, ki zuba a busasshiyar kwalba ki ba direban.

Kada hankalinki ya tashi. Wataƙila ba komai ba ne. Ban faɗi abin da nake zato ba domin ban tabbatar ba, kuma an koya mana kada mu faɗi abin da ba mu auna ba.

Ƙaninki,
Auta

Alhamis, 6 ga Yuni

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kai dai ba ka canza ba. Mutum ya zo gidan 'yar'uwarsa, maimakon ya ci abinci sai ya zauna yana ƙirga lomar yarinya. Baban Aku ya yi dariya har da tari, ya ce a gaida Malam Awo.

Ga amsoshinka, kada ka ce na ƙi. Abinci ta rage tun wajen wata biyu. Bayan gida sai ta yi kwana huɗu, wani lokaci biyar, tana kuka. Amai sau uku a makon nan, da safe. Mai kemis ya ce tsutsar ciki ce, ya ba mu magani, mun gama, ya ƙara mana wani. Ƙasa kuwa wane yaro ɗan shekara uku ne ba ya ci? Kai kanka sai da Inna ta riƙa ɗaure maka hannu. Ita dai wannan har lasar yatsa take, in na kwaɓe ta ta yi ta ihu. Kayan aikin babanta tare nake wanke su da namu, baho ɗaya gare ni, ba kamfanin wanki na buɗe ba.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Jiya tana son ruwa, ta tsaya gaban tulu tana nunawa, kalmar ta ƙi zuwa. Yarinyar da ke kwaikwayon mai tallan gawayi har maƙwabta su fito! Amma ciwo yana sa yaro shiru, na sani.

Ga ƙasarka nan a kwalbar man shafawa, na wanke ta. In ka gama nazarin sai ka gaya mana ko zinariya muke takawa.

Ka riƙa cin abinci, wuyanka ya yi tsawo.

Yayarka

Litinin, 24 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum, tare da fatan Aku ta samu sauƙi. Ki karanta wannan a zaune, ki karanta har ƙarshe, sannan ki ba Baban Aku.

Mu jini muke gwadawa, ba ƙasa ba, don haka na kai kwalbar ɗakin gwaji na jami'a. Yau da safe sakamakon ya fito. A kowane kilo ɗaya na ƙasar tsakar gidanku akwai dalma giram ashirin da ɗaya. Inda yara ke wasa, ko rabin giram an ce ya yi yawa.

Na san inda ta fito, ke ma kin sani. Daminar bara, da ruwa ya riƙa kwanciya a tsakar gida, Baban Aku ya ce baƙin abin nan da ke saura a gindin tukunya in an narka batir, wanda suke kira kashin dalma, ya fi tsakuwa kama ƙasa. Gaskiya ya faɗa, ya kama. Ina hutu a lokacin. Ni na tura baron, sau goma sha huɗu, ni na baje shi da shebur na daddaɓe. Ina shekarar ƙarshe a makaranta, na riga na karanta abin da dalma take yi, amma ban haɗa littafin da baron ba.

Ga abin da take yi. Jikin yaro yana ɗaukar dalma kamar abinci, ya fi na babba tsotse ta sau huɗu ko biyar. Tana hana jiki yin jini, tana ƙulle ciki, tana taruwa a ƙashi. Mafi muni, tana shiga ƙwaƙwalwa. Mantuwar kalma da faɗuwa ba dalili suna cikin alamun haka. Ban ce tabbas abin da ke damun Aku ke nan ba sai na auna jininta, amma duk abin da kika rubuto ya dace.

Daga yau: kada ta sake taka tsakar gidan. Kada ki yi shara a bushe, ƙurar ce gubar, ki jiƙa tsumma ki goge. Ki wanke mata hannu da sabulu kafin komai ya shiga bakinta. Kayan aikin babanta su tsaya a wurin aikin, da takalmansa. Maganin tsutsa ki daina.

Kuma ku kawo ta gobe. Ba jibi ba. Asibitin da ke kusa da ku ba su da na'urar auna dalma, mu muna da ita.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Auta

Laraba, 26 ga Yuni

Zuwa ga Malam Awo, ƙanin matata, babban likitan ƙasa da tsakuwa,

Gaisuwa mai yawa. Takardarka ta iso, ta hana yayarka dafa abinci, na gode.

Yaro, shekarata goma sha shida a bakin tukunyar nan. Maigidan da ya koya mini ya yi talatin. Kana tsammani ba mu san dalma tana da dafi ba? Mun riga ka sani. Shi ya sa duk mai wannan sana'a, in ya sauke tukunya, sai ya sha madara kofi guda kafin ya yi magana da kowa. Madara tana wanke ta tas. Ban taɓa tsallake rana ba. Aku ma tun da aka yaye ta nake ba ta rabin kofina, ka ga kuwa ta fi kowa kariya a gidan nan.

Ka ce a kawo ta gobe. In muka shigo asibitinku da maganar gubar dalma, jibi ma'aikatan lafiya suna ƙofata da kwaɗo. Mutum biyar ke cin abinci da sana'ar nan ban da mu. Kai sabon ma'aikaci ne, kana neman abin da za ka nuna wa oganka, na gane, amma ka nemo shi a wani gidan.

Yarinya tsutsa ce da haƙora. Jiya ma ta yi barci tun azahar har magariba, ba kuka ba rigima, ka ga sauƙi ya fara zuwa. Na dai hana ta tsakar gidan don yayarka ta bar ni in sha iska.

Ka yi haƙuri da rubutun, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Kwanan nan hannun dama ne yake mini sanyi daga wuyan hannu, biro sai ya riƙa zamewa. Tsufa ne, kai ma yana nan tafe.

In ka zo hutu akwai sauran baro shida a wurin aiki, tunda ka iya.

Naka,
Baban Aku

Alhamis, 27 ga Yuni

Yaya Baban Aku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Ba ni da niyyar raina sana'arka, a gidanka na yi rabin girmana. Ba wanda na gaya wa sunanka ko inda kake.

Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalmar da ta riga ta shiga jini. An auna masu irin aikinku da suke sha kullum, an samu dalmar tana nan. Ka tuna yadda maigidanka ya ƙare. Kai ka ba ni labari cewa ƙodarsa ce ta tsaya, kuma shekarunsa na ƙarshe sai an riƙe masa kofi.

Ka yi mini abu biyu, ba sai kowa ya gani ba. Ka miƙa hannun dama, tafin yana kallon ƙasa, ka gwada ɗaga yatsunka sama. Sannan ka ɗauki madubi ka ɗaga leɓenka. In hannun ya ƙi ɗaguwa, in kuma ka ga wani siririn layi shuɗi-shuɗi a dasashi daidai gindin haƙora, to ba tsufa ba ne. Shekararka arba'in da ɗaya.

Barcin da Aku ta yi daga azahar zuwa magariba shi ya fi komai tsorata ni. Ba sauƙi ba ne. In ta yi wuyar tashi, ko ta yi amai mai tsiri, ko idonta ya juye, ku ruga asibiti mafi kusa, ku ce musu dalma, da bakinku.

Na nemi izini, an ba ni Asabar. Zan zo da sirinji in ɗebi jinin da kaina, ba sai kun shigo asibitinmu ba.

Ƙaninka,
Auta

Juma'a, 28 ga Yuni

Auta,

Ka ce a waya in rubuta komai da lokacinsa saboda likitoci. Ga shi, iya abin da na iya.

Ƙarfe bakwai na tashe ta, ta ƙi tashi sosai. Na ba ta shayi ta amayar. Wajen tara ina shanya, na kwantar da ita a tabarma a bakin ƙofar ɗaki. Na ji wani sauti kamar ana murza roba, ashe haƙoranta ne. Jikinta ya sandare, sannan ya hau jijjiga, idon ya tafi sama. Na kira babanta. Ya zo ya sunkuya zai ɗauke ta, hannun ya ƙi riƙewa, ta zame masa. Ni na ɗauke ta.

Ba ta daina ba har muka iso asibiti, mai babur ya ce minti ashirin. Sun yi mata allura ta tsaya, ta sake yi sau biyu kafin azahar. Suna ta maganar zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Babanta ne ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ce, "Likita, dalma ce. Ni nake narka ta." Ya ɗaga leɓensa ya nuna mata.

Muna ɗakin yara, gado na tara. Ba ta farka ba. Likitar ta ɗebi jini ta ce a kai muku. Yana cikin kular da ke hannun direba, da ƙanƙara, kamar yadda ka ce.

Kai za ka auna? In kai ne, ka auna da kyau.

Yayarka

Asabar, 29 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya ba Aku lafiya, ya ba ki haƙuri.

Ni na auna. Tun jiya da yamma na kira likitarku na ba ta sakamakon, amma ke ma kina da haƙƙin ki gan shi a rubuce. Ƙaramar na'urarmu tana tsayawa a sittin da biyar, ta nuna ya wuce nan. Shugabar ɗakinmu ta buɗe mini babbar, muka yi sau biyu. Ɗari da goma sha biyu, sannan ɗari da goma sha huɗu. Ana fara damuwa daga biyar. Daga arba'in da biyar ake ba da magani. Daga saba'in ake jin tsoron ƙwaƙwalwa.

Maganin yana nan tafe da wannan takarda, da ƙyar aka samo shi. Aikinsa ya kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Kwana biyar za a yi ana ba ta, a huta, a sake aunawa. Lambar za ta sauka, sannan ta ɗan hau, domin wadda ke ƙashi za ta fito. Kada wannan ya firgita ki. Ki lura da yawan fitsarinta ki riƙa gaya wa nas.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Ranar da na ja fatar idonta a gidanki, dalma ce ta fara zuwa raina. Takardarki ta shida ga wata ta ƙara mini zato. Da na ce ku kawo ta a ranar, gwajin jinin minti uku ne. Sai na zaɓi in jira sakamakon ƙasa, kwana goma sha takwas, domin ina tsoron in zargi sana'ar mijinki ba hujja a hannu, ya zama na yi kuskure a watana na farko a yi mini dariya. Shugabata ta tambaye ni me ya sa ban kawo yarinyar tun farko ba.

Gobe Lahadi ina tafe da motar farko. Ke da Baban Aku ma zan ɗebi jininku.

Ƙaninki,
Auta

Litinin, 22 ga Yuli

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga kiranka duka, ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne kaɗai. In na ji muryarka sai in rasa abin da zan ce.

Maganar kwana goma sha takwas, na karanta ta ya fi sau goma. Wata rana in ji kamar in shaƙe ka. Wata rana in tuna ni ce nake zaunar da ita a wurin in ba ta murfin kwano ta yi wasan girki, don in samu in yi wanki. Kullum. Shekara guda. To wa zan shaƙe?

Sun ce za su sallame mu ranar Asabar. Lambar ta sauko zuwa talatin da takwas. Tana ci, tana zama in an jingina ta. Ƙafar hagu tana ja. Tana kallona, ina ga ta san ni, don in na fita tana kuka. Amma ko Umma ba ta ce ba. Jiya mai shara ta shigo tana waƙa, na ga bakin Aku ya motsa, na taso da gudu. Miyau ne.

Babanta ya kashe wutar tukunyar tun ranar. Ya sallami mutanensa. Kwana tara ya yi yana haƙe tsakar gidan da hannun hagu, ya jiƙa ƙasar kamar yadda ka ce, ya cika duro goma sha ɗaya ya rufe. Maƙwabcinmu ya zo yana roƙon a ba shi ko baro biyu ya zuba a ƙofar gidansa saboda taɓo, wai ya ga yadda namu ya yi kyau. Sai da aka riƙe Baban Aku. Yanzu ba ya wasa da kowa. Yana zuwa ya tsaya a bakin taga, ba ya shigowa, wai kada ya kawo mata ƙura. Likita ta ce duk da haƙar, kada a mayar da ita gidan sai an sake auna ɗakunan. Ban san inda za mu ba.

Tambaya ɗaya nake da ita. Na yi wa likitar, ta ce a ci gaba da addu'a. Na yi wa nas, ta ce yara suna da ban mamaki. Kai ba ka iya irin wannan maganar ba, shi ya sa nake tambayarka. Kada ka ba ni lamba, na ƙoshi da lamba. Kada ka ce sai ka auna. Aku za ta dawo yadda take? E ko a'a.

Yayarka

Laraba, 24 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum.

A'a. Ba yadda take ba.

Za ta iya samun wasu kalmomin, ƙafar ma tana iya ƙarfi in ana motsa ta kullum. Nawa ne zai dawo, ban sani ba, kuma ba wanda ya sani. Abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwa, magani ba ya gyara shi. Yana hana ƙari ne kawai.

Na kwashe littattafaina, na goge ɗakina da ruwa sau uku. Ƙasan siminti ne, taga tana kallon bishiya. Ni zan koma wajen abokin aikina. Asabar da ƙarfe goma zan zo da mota ƙofar asibiti in ɗauke ku.

Kada ki biya ta gida. Kada ki aika a ɗauko komai, ko tabarma, ko zanen goyo. Takalmanta ma ki bar su can.

Ƙaninki,
Auta